Ƙofofin Sani Guda Biyar: Sharhi a Kan Wasan Yara Gwargwadon Shekarunsu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Dayi a cikin watannin kaka, ya ratse a Kabo ko Garo ko Getso ko cikin garin Gwarzo, ba zai rasa ganin wani abu ba wanda, saboda tsananin sabo, ido ya daina lissafa shi cikin abubuwan lura: ga mata a masussuka suna ta aiki, wasu na sussuka wasu na shiƙa, a gefe kuwa ga ɗan yaro wanda bai cika shekara 2 ba, ya yi zaman dirshan, ya tsoma hannu cikin ƙwaryar gero har wuyan hannu, ya damƙo, ya saki, ya saurari zubar tsabar, ya sake damƙowa, ba gajiya ba ƙosawa. Mai wucewa zai ce ɓarna yake yi, uwarsa ma watakila ta daka masa tsawa. Alhali kuwa yaron nan karatu yake yi, a makarantar da ta girmi allo da littafi, domin a zaman nan guda yana koyon nauyi da sauƙi, da santsi da kaushi, da cika da raguwa, waɗanda babu malamin da zai iya cusa masa su da baki.

Malaman tarbiyya na wannan zamani sun ba irin wannan wasa muhimmanci ƙwarai, suna kiransa wasan da ke motsa mariskai, wato gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa. Abin mamaki, harshenmu ya riga ya yi nasa hukunci a kan mas'alar, domin Bahaushe ya ware gani shi kaɗai, sa'an nan ya tattara sauran huɗun ya damƙa su ga kalma guda, wato ji. Yakan ji kira, ya ji ƙamshi, ya ji ɗaci, ya ji sanyi. Bai tsaya nan ba, idan ya fahimci harshe sai ya ce yana jin Larabci, idan kuwa yaro ya tarbiyyantu sai a ce yana jin magana. Ashe a wurin magabatanmu, abin da fata ta taɓa da abin da hankali ya gane da abin da ɗabi'a ta karɓa duk ta hanya guda suke shigowa. Aya ta 78 cikin Suratun Nahli ta yi nuni da asalin wannan, inda ta ambaci fitowar ɗan Adam daga ciki ba da sanin kome ba, sa'an nan ta lissafa ji da gani da zuciya a matsayin ni'imomin da aka yi masa guzuri da su. Tun da haka ne, duk abin da ke buɗe waɗannan ƙofofi bai cancanci a kira shi shirme ba.

Sunna ma ba ta bar mu cikin duhu ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma jikansa ya taɓa hawa bayansa yana cikin sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Nana A'isha kuma ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta ba a hana ta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin matsa masa da karatu ba hutu yana dusashe basirarsa, ya sa ya ƙi karatun baki ɗaya. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, shi ma ya yi bayani a Muƙaddimarsa a kan illar tsanantawa ga masu koyo, da fa'idar farawa da misalan da ɗalibi zai iya riska kafin a kai shi ga ma'anoni masu zurfi.

Turawa sun zo daga baya sun auna al'amarin da ma'auninsu. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya kafa makarantar ƙanana wadda a 1840 ya raɗa mata suna lambun yara, kayan karatunta na farko kuwa ƙwallaye ne masu laushi na zare. A 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, domin yatsa ya san harafi kafin hannu ya riƙe alƙalami. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, bayan ya daɗe yana lura da 'ya'yan cikinsa, ya yi bayani cewa daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 tunanin yaro gaba ɗaya a cikin mariskansa da motsin gaɓoɓinsa yake. Hujja mafi ban tsoro ta fito daga masana biyu, Hubel da Wiesel, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1981: sun rufe ido ɗaya na 'yan kyanwa a farkon rayuwarsu, da aka buɗe bayan watanni sai aka tarar idon lafiyarsa lau amma ba ya gani, saboda ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya kamata ya yi masa hidima ya riga ya koma ga ɗaya idon. Ƙofar da ba a shiga ta cikinta a kan kari ba, toshewa take yi.

Akwai kuma hujja mai faranta rai daga Kingston ta ƙasar Jamaika, inda a 1986 zuwa 1987 aka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su, aka raba su rukuni-rukuni. Wasu daga ciki ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartarsu mako-mako har shekara 2, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da waɗanda aka yi wa wasan suke samu ya ɗara na waɗanda ba a yi musu ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Abin lura shi ne kayan da aka yi aikin da su ba su fi ƙarfin kowane gida na Lakwaya ko Kutama a ƙasar Gwarzo ba.

To, sai dai kowane shekaru da abin da ya dace da su, kuma sanin wannan shi ne rabin aikin. Jariri, tun daga ranar da aka yi masa kiran salla a kunne aka shafa masa dabino a dasashi, har zuwa wajen wata 6, babban abin wasansa jikin uwarsa ne. Idonsa a makonnin farko ba ya rarrabe abu sosai sai wanda ke nesa da shi kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, wanda shi ne daidai tsakanin fuskarsa da ta mai shayar da shi. Saboda haka kallon ido da murmushi da gwarancin da ake mayar masa lokacin shan nono darasi ne cikakke. Tausar da ungozoma ko kaka ke yi masa bayan wanka, da miƙar da hannuwa da ƙafafu, suna sanar da shi iyakar jikinsa. Goyo kuwa hikima ce babba, domin ban da ɗumin baya da ƙamshin uwa da muryarta, duk sunkuyawar da ta yi wajen shara da girgizar da ta yi wajen daka suna horar da wani ma'auni da ke can cikin kunnensa, wanda da shi mutum ke sanin tsaye yake ko karkace. Sai dai goyo kaɗai bai wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa, idonsa biyu kuma ana kallonsa, jimillar minti 30 a yini, a rarrabe. Tabarmar kaba mai tsabta, da caki ko ɗan gora mai tsakuwa da aka toshe bakinsa da kyau, da ƙyalle mai launi, sun ishe shi.

Daga lokacin zama da rarrafe har zuwa yaye, baki da hannu su ne malamai. Duk abin da ya samu sai ya kai baki, kuma ba kwaɗayi ke sa shi ba, leɓe da harshe ne suka fi yatsunsa iya tantance abu a wannan lokaci. A nan ne ƙwarya da ludayi da muciya da faifai da murfin tukunya suke zama dukiya: ya buga ya ji ƙara, ya kifa ya buɗe, ya sa ƙarami cikin babba, ya jefar ya jira a miƙo masa ya sake jefarwa, yana gwada ko abin da ya faɗi jiya yau ma zai faɗi. A bar shi ya ci tuwo da hannunsa ko da zai shafe fuska, a ɗanɗana masa gwanda da dafaffen dankali da kunun gyaɗa, a bar shi ya taka yashi da tabarma da daɓe da ƙafa ba takalmi idan wurin a share yake. Idan an riƙe hannuwansa ana yi masa tatata, ko ana ɓoye fuska a bayan mayafi ana bayyanawa yana ƙyalƙyala dariya, ana koya masa ne cewa abin da ya ɓace wa ido bai bar duniya ba, wanda shi ne farkon natsuwar zuciya idan uwa ta shiga ɗaki. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji masu iya magana, saboda haka kada a yi gaggawar raba shi da ƙasa.

Daga shekara 3 zuwa 5 kuwa, nan ne kasuwar wasa take ci sosai, kuma nan ne ƙasar Gwarzo da Kabo ta fi kowane kanti arziki, domin kowane lokaci na shekara da kayan da yake kawowa. Da damina ga jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ƙamshi bayan ruwan farko, yara su kifa ƙafa su tara mata ƙasa su daddaɓe, su zare a hankali ɗaki ya tsaya. Ga laka da yumɓu na ginin shanu da tukwane. Ga tuwon ƙasa da miyar ganye da 'yan mata ke girkawa a gwangwani, suna rabawa kamar yadda suka ga ana raba tuwo a gida. Da kaka ga kara, wanda daga ɓawonsa da ɓargonsa ake ƙera mota da gado da tabarau, ga dokin kara, ga ɓarar gyaɗa da ɓarzar masara da tsince wake. Da rani ga 'ya'yan itatuwa waɗanda kowanne darasi ne ga harshe: tsamin tsamiya, da zaƙin ɗorawa mai gari, da ɗaci-ɗacin aduwa, da taurin goruba, da baurin kanya idan ba ta nuna ba. Uwa mai basira za ta iya mayar da madafa aji ba tare da ta bar aikinta ba: ta rufe wa yaro ido ta ce ya sunsuna ya faɗi wanne ne citta, wanne ne kanumfari, wanne ne daddawa, ko ta zuba gero da dawa da wake a faifai ta ce ya ware kowanne gefe guda. Wanda ya ware wake daga dawa yau, shi ne zai ware harafin ba daga ta a kan allo gobe, domin ido guda ne da haƙuri guda.

Idan yaro ya kai shekara 6 ko 7, shekarun tamyizi da ake fara umartarsa da salla, sai wasa ya sami ƙa'ida da abokan hamayya. Carafke, wanda ake cilla tsakuwa sama a kwashe na ƙasa a cafe kafin ta faɗo, yana haɗa ido da hannu da ƙidaya a numfashi guda. Langa da 'yar gala-gala suna horar da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, gare da lilo suna koyar da saurin jiki da auna tazara, gaɗa da shantu suna daidaita tafi da murya da taku, wasan ɓuya a farin wata yana kaifafa kunne, dara kuwa, wadda ake haƙa gurabenta a ƙasa, tana fitar da yaro daga taɓawa zuwa tsinkaye. Tsofaffin malaman allo ma sun san wannan sirri: almajiri shi ke wanke allonsa ya shafe shi, ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dafa tawada da ƙaro, kuma sunayen da aka ba babbaƙu, irin su ambaki da lam jaye da ta kuri, siffar harafi suke zana wa yaro a ido kafin ya kai ga farfaru. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa a yammacin ƙasar Kano, ta kuma ba wata Baturiya, Mary Smith, tarihin rayuwarta da aka buga a 1954, ta ba wasannin ƙuruciya da na dandali wuri a cikin labarinta, abin da ke nuna cewa wannan gado ya daɗe a wannan nahiya.

Amma fa ba a yabon kogi a manta da kada. Ƙasar da ake cewa a bar yaro ya taɓa, sharaɗinta ta kasance mai tsabta, nesa da kashin dabbobi da bakin masai da makwararar ruwan wanka, a kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda tsutsar ciki da gudawa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta gurɓata ƙasar tsakar gida a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har yara fiye da 400 suka rasu, ya isa wa'azi. Yaron da bai kai shekara 3 ba kada a bar shi shi kaɗai da gyaɗa ko gujjiya ko ƙwallon magarya ko ƙaramin batir mai kama da maɓalli, domin shaƙewa ba ta sallama. Ruwan da bai wuce tafin hannu ba a bokiti yana iya halaka mai rarrafe, rijiya a rufe ta, kududdufi da bakin dam kuwa, ban da nutsewa, su ne matattarar tsargiya. A nuna wa yara zaƙami da 'ya'yan cin-da-zugu da na zurman da ƙullun tumfafiya, a gaya musu waɗannan ba na wasa ba ne. Kananzir da maganin feshi kuma kada a zuba su a robar lemo, kada kuma a ba yaro robar da ta taɓa ɗaukarsu. Aikin babba shi ne ya share fili ya zauna kusa, ya bar yaron ya yi sauran.

Wasa kuma madubi ne da ke tona abin da ke ɓoye. Jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko ba ya waiwayar murya bayan ya yi watanni, ko ba ya bin fuska da ido, ko aka ga fari a tsakiyar ƙwayar idonsa, a gaggauta kai shi babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, musamman idan ya yi fama da ƙyanda ko sanƙarau. Haka nan akwai yaran da ƙaramar hayaniya ko taɓawa ke gigita su, ko ba sa haɗa ido da kowa. Waɗannan likita suke bukata da haƙuri, duka ba ya ƙara musu kome sai firgici. Wanda kuma Allah Ya jarrabe shi da rashin gani ko ji, shi ya fi kowa bukatar a buɗe masa sauran ƙofofin, kuma makarantar Tudun Maliki a Kano domin irinsu take.

Abin da ya sa wannan magana ta zama wajibi a yau shi ne abubuwa uku sun taru suna ƙuntata wa yaro fili. Na farko wayar hannu, wadda ake miƙa wa mai kuka don ya yi shiru. Tana cika ido da kunne, amma ba ta da nauyin da ke sauyawa, ba ta da ƙamshi, kuma ko doki ta nuna ko ruwa, santsin gilashi guda ne yatsa ke ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 a nisanta shi da zaman kallon allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini, kuma daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na awa 3. Na biyu gaggawar karatu: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin tsarin ilimin Nijeriya, wanda abin yabo ne, sai dai sau da yawa ana zaunar da ɗan shekara 3 a benci yana kwafar haruffa da hannun da bai gama koyon damƙa ba, iyaye kuma suna auna makaranta da yawan aikin gida. Na uku watsewar babban gida. A da, idan uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa ba ta yi masa wasa a gaban mutane, akwai kaka da goggo da inna da za su cike gurbin, idan ta ce, "Kai, tashi daga cikin ƙasar nan!" sai kaka ta amsa daga bakin ƙofa, "Ƙyale mini maigidana, ai da ƙasar aka yi mu." Yanzu da amarya ke tarewa a gidanta ita kaɗai, idan ta riƙe kunyar nan yadda take, yaron zai yini ba wanda ya yi masa magana.

Maganar kuwa ita ce gishirin al'amarin duka, domin abin da hannu ya taɓa ba ya zama ilimi sai an ba shi suna. Idan yaro ya tsoma hannu a randa a ce masa sanyi, idan ya lasa tsamiya ya yamutsa fuska a ce masa tsami, idan ya ɗaga dutse ya kasa a ce masa nauyi. Hausa kuma ta wadata da kalmomin da ke kwaikwayon abin da jiki ke ji, irin su sumul da tiɓis da ƙirin da fat da zau, waɗanda yaro ke cafewa tun kafin ya iya jera zance. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara ta sanya wasa cikin haƙƙoƙinsu a sashe na 31, amma mu tun kafin ta an riga an gaya mana cewa kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya a kan kiwonsa.

Saboda haka muna kira ga magidanta, idan za a yi wa tsakar gida siminti a bar kusurwa guda a zuba yashi mai tsabta. Ga uwaye, su rage tsawa a kan tufar da sabulu zai wanke. Ga malaman ajin ƙanana, su shigo da laka da kara da tsaba cikin aji ba tare da jin nauyi ba. Ga iyaye maza kuma, su sani cewa zama a tabarma na ɗan lokaci bayan la'asar ana gina shanun laka ba ya rage wa kowa girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanarsu.